Likita Mai Rakiya

Ina gaida mai kula da wannan shafi, ina gaida masu karanta shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, garinmu ma zan sakaya shi. Ya isa a san cewa yana cikin ƙasar Kurfai, can ciki inda kwalta ba ta kai ba. Lokacin da abin nan ya faru ni sabon likita ne, saurayi mai ji da kansa, mai ganin shi aka aiko ya gyara duniya. Ɗan manomi ne ni. Na yi lakwal, wato firamare, a garinmu, na yi kwaleji a Filinge, na wuce Yamai na yi shekara da shekaru ina karatun likita da geron da ake aiko mini daga gida. Da aka zo rarraba mu wuraren aiki kowa yana neman hanyar maƙalewa a birni, ni kuwa da bakina na roƙi a mayar da ni gida. Akwai wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya, tun muna shekarar ƙarshe yake shirin fita waje. Ranar da ya zo yi mini ban kwana na wanke shi tas, na ce ya ci gumin talakawa ya yi karatu, yanzu zai je ya duba tsofaffin Turawa ya bar uwarsa ta mutu a kan amalanke. Bai rama ba, ya dai ce Allah ya bar ni da wannan zuciyar tawa. Yau ga ni ina rubuto muku daga ƙasar da ya tafi.

A gidan likitan garinmu ni ne, da majo, wato babban ma'aikacin jinya, da unguwarzoma, sai direban ambilans. Babu wurin ajiye jini, babu ledar ɗibarsa, babu abin gwada shi. Tukunyar iskar numfashi tana jingine a lungu tun kafin zuwana, gizo-gizo ya yi mata saƙa a baki. Wuta sai ran da ta ga dama. Don haka idona da yatsuna su ne kayan aikina. Duk wanda ya zauna gabana, abin da nake fara yi shi ne in sa yatsa in ja fatar idonsa ta ƙasa in leƙa: in ja ce, da sauran jini a jiki, in fara ce, jini ya ƙare. Daga nan in buɗe tafin hannunsa in duba. Abin ya zame mini jiki, har a kasuwa in na ga fuska ba ta yi mini ba sai in tsayar da mutum in buɗe masa ido. Matan rugage masu tallar nono suna dariya suna cewa likitan nan bai iya gaisuwa ba sai da yatsa. Ina jin daɗin wannan tsokanar, don a lokacin duk wata tsokana ƙauna nake ɗaukarta.

Wanda ciwonsa ya fi ƙarfinmu sai a sa shi a mota. Mutanenmu kuwa, Allah ya sani, ba sa kawo mara lafiya da wuri. Sai an sha saƙe-saƙi, an sha rubutu, an jira mai gida ya dawo daga gona, an jira ranar kasuwa, sannan a ɗoro shi a amalanke rai kwakwai mutu kwakwai. Tsakaninmu da babbar hanya akwai wata ƙorama, ko Filinge za ka ko Yamai sai ka ƙetare ta. Da rani yashi ce kawai, da damina kuwa in aka yi ruwa a arewa sai ta kawo, ta raba mu da duniya har sai ta ga damar janyewa. Majo ya ce mini waɗanda suka riga ni aiki a wurin sukan sa mara lafiya a mota, su rufe ƙofa, su koma ofis. Ni na kasa yin haka. Wanda na ga zai kai, nakan bar shi da direba da danginsa. Wanda na ga yana gab da tafiya, ni nake shiga da kaina in riƙe masa ledar ƙarin ruwa, in riƙe masa hannu. To abin ai a fili yake: waɗanda nake shiga mota da su, su ne waɗanda mutuwa ta riga ta kusanta. Wasu na kai su da rai, suka warke suka dawo da ƙafarsu, ba wanda ya kula. Wasu suka cika a hanya, muka juyo da mota, aka ga na sauko tare da gawa. Waɗannan kowa ya gani.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, dillalin shanu, mutumin da in ya buɗe baki a kasuwa ko mai bashi sai ya yi dariya. Wata rana aka yi suna a unguwarsu na je. Ina shiga cikin maza sai ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe tabarma, ya ɗaga murya ya ce a ba Mai Rakiya wuri. Ya ce duk garin nan babu mai ladabina, don kowa in ya raka baƙo iyakarsa ƙofar gida, mai kirki ya kai bakin gari, ni kuwa sai na kai mutum har ƙofar lahira sannan in juyo ni kaɗai. Wuri ya kaure da dariya, har liman na gani yana rufe baki da gefen rawani. Ni ma na yi dariya, don ba a fushi da taubashi. Ko zaginka ya yi, da wasa ake ramawa, wanda ya ɓata rai shi ne ya ji kunya, shi ne bai san zumunci ba. Na ce ai shi ma rakiya yake yi wa shanu zuwa hannun mahauta, har da karɓar la'ada. Aka sake dariya, aka ci goro, aka watse. Ban san suna biyu aka raɗa a gidan nan ranar ba, na jariri da nawa.

Kafin kasuwa ta zagayo sunan ya riga ni zuwa ƙauyuka. Da na je wani aiki wajen Damana, wanda ban taɓa gani ba ya gaishe ni da shi. Da farko wasa ne. In na gaida tsofaffi a majalisa sai su ce in yi musu haƙuri, ba su gama ɗaure kaya ba tukuna. Yara suna bin ambilans da gudu suna rera shi. Sai wasan ya fara bushewa, sunan ya rage. Na miƙa hannu zan duba idon wani jariri, uwar ta fizge shi ta juya mini baya. Wani magidanci da haihuwa ta gardama wa matarsa ya durƙusa gabana yana haɗa ni da Allah kada in shiga motar, in bar ta ta tafi da direba kawai. Na bi son ransa. Ruwan da na sa mata ya ƙare a hanya babu mai canza shi, ta rasu, aka ce ai ni na rufe ƙofar motar da hannuna. Mutane suka koma jiran ranar da ba na nan su kawo wa majo marasa lafiyarsu, suka ƙara makara, mutuwa ta ƙaru, sunan ya ƙara ƙiba. Wani dattijo ya same ni da sunan manyan gari, ya ba ni shawara cikin lalama in nemi malamai su yi wa hannuna addu'a. Na kai kuka wajen na gaba da ni a kan jini da iska, aka ce in yi haƙuri, ko'ina haka yake. Na keɓe taubashina na roƙe shi ya janye maganarsa. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce yaushe ɗan boko ya fara tsoron wasa, kuma sunan ai ya bar bakinsa, in ina so in bi kasuwanni in tattaro shi.

Yanzu bari in zo kan Inna, don saboda ita nake wannan rubutu. Ni ɗan farinta ne. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In ya zama dole sai ta ce wancan. Ba ta kallona, ba na kallonta. Kullum safe kafin in tafi aiki nakan biya, in tuɓe takalmi, in durƙusa gefen ƙofarta idona a ƙasa in gaishe ta, ta amsa fuskarta a wani gefe tana ci gaba da tankaɗe. In tana da magana da ni, ƙanwarta take gaya wa, wadda nake kira Inna ƙarama, da suke zaune tare tun rasuwar mahaifina. Ko ina wurin haka za ta yi, kamar ba na ji. Ranar da na dawo da takardar gama karatu gari duka ya cika gidanmu, ita kuwa ta ɗauki ƙwarya ta tafi gona tsinkar ganye. Amma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba. Kullum azahar fura takan iso gidan likita a ce daga Inna ƙarama, ni kuwa na san hannun da ya dama ta. Muna alfahari da wannan kunya a ƙasarmu, ni kaina ina alfahari da ita, har nakan ba abokaina na birni labarinta ina ɗaga hanci.

A daminar nan na lura Inna ta daina zuwa gona, aka ce ƙafa ce. Ɗanɗanon furar ya canza, na ce ƙila geron ne. Sai na ga kullum hannuwanta da ƙafafunta cikin lalle, baƙi ƙirin, macen da ta bar ado tun mutuwar mijinta; na ɗauka biki ake shiri a dangi. Daga inda nake durƙusawa, hannunta da ƙafarta kaɗai idona yake kaiwa, su kuwa ta rufe su da lalle. Ta koma wanke zannuwanta da kanta tana shanya su cikin ɗaki. Muryarta ta yi ƙasa, amsar gaisuwa ma sai ta huta a tsakiya. Na tambayi Inna ƙarama, ta kau da kai ta ce zazzaɓin damina ne, na aiko da ƙwayoyi na ji na sauke nauyi. Ni da nake tare mai tallar nono a kasuwa in buɗe mata ido ba ta roƙe ni ba, na yi wata da watanni ina durƙusawa a gaban uwata ina kallon ƙasa.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, an kwana ana ruwa. Ina duba wani yaro sai ga Inna ƙarama a guje ko mayafi babu. Na bi ta gida, na iske Inna a kwance gefen turmi, zanenta ya jiƙe da jini har ƙasa ta sha. A nan tsaye Inna ƙarama ta fasa mini abin da ta ɓoye. Ta ce tun sanyin da ya wuce jini yake zubar wa Inna, alhali ta daɗe da barin al'ada, kuma Inna ta sa ta dafa Alƙur'ani cewa ba zan ji ba. Ta ce ciwon wurin mata ne, ba abin da ake gaya wa ɗan fari ba. Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba, na ce unguwarzoma fa, ita ma ɗan fari ce? Ta ce Inna ta ƙi zuwa ne don ta san za a gaya mini, in na ji kuwa zan sa ta a mota in shiga. Ta ce Inna ta ce gara ta mutu a kan tabarmarta da a ce a kasuwa ita ma ɗanta ya raka ta. Ashe duk abin da ake faɗi tana ji. Mata suna zuwa har ɗaki su gaya mata abin da ake kiran ɗanta da shi, da murya irin ta jaje. Ba ta da bakin kare ni, don uwa ba ta shigar wa ɗan fari; in sun yi dariya ita ma sai ta yi. Hanyar da ta samu ta kare ni ke nan, ta ɓoye mini mutuwarta. Na durƙusa, na sa yatsa a fuskar uwata karo na farko a rayuwata, na ja fatar idonta. Fari fat, kamar audugar da muke goge ciwo da ita. Da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta kau da fuska ta jawo mayafi ta rufe.

Muka ɗauke ta zuwa mota, ga kasuwa ta cika, kowa ya juyo yana kallo. Ina sa ƙafa zan shiga sai kawuna, uban taubashin nan, ya riƙe mini riga ya ce in bari majo ya je. Na juyo na dube shi, na ce duk wanda ya sake taɓa ni yau sai an ɗauke shi a motar nan shi ma. Ya sake ni. Ina rufe ƙofa na ji wata mata tana cewa Allah sarki, har ita. Da ƙyar na samu jijiyar da zan sa mata ruwa, duk sun lafe. Direba ya yi iya ƙoƙarinsa cikin taɓo, muka iso ƙorama gab da azahar, muka tarar ta kawo ta cika ta batse, tana tafe da itatuwa da mushen akuya. Amalanke da motoci sun yi cirko-cirko a gaɓa biyu. Direba ya ce shiga ruwan nan kashe mu duka ne, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da Inna take buƙata jini ne, ba wani abu ba. Ga ni zaune kusa da ita jikina cike da jinin da ita ta ba ni, babu ledar da zan zuba shi, babu abin gwadawa, babu hanyar mayar mata da shi. Duk karatun da na yi ya tsaya a ɗaga ledar ruwa sama da sauraron bugun jijiya tana raguwa a ƙarƙashin yatsana.

Can sai ta buɗe ido. Ba ni ta kalla ba, Inna ƙarama ta kalla, ta ce ta gaya wa wancan ya sauka. Na amsa mata kai tsaye, ba ta bakin kowa ba, na ce ba inda za ni. Ta haɗa numfashi, ta sake cewa ga mutane nan a bakin ruwa, wancan ya fita su gan shi a waje. Ta ce in nonon da ya sha yana da wani haƙƙi, ya sauka. Inna ƙarama tana kuka tana roƙona kada in bari ta tafi da ɓacin raina a zuciyarta. Na rataye ledar a ƙugiya, na buɗe ƙofa na sauka. Na je na tsaya a bakin ruwa na ba motar baya, a inda kowa zai gan ni. Maza suna hirar ko ruwan zai ci gonakin kwari, wani ma ya matso yana tambayata maganin ciwon baya. Ina tsaye a nan na ji salatin Inna ƙarama. Na riƙe hannun mutanen da ban san sunansu ba har ransu ya fita, na rufe musu ido, na ɗaure musu haɓa. Uwata ta cika ina tsaye ina kallon ruwa, don jama'a su shaida ba ni a ciki. Da la'asar ƙoramar ta janye, kowa ya ƙetare, mu muka juya.

Ana zaman makoki taubashina ya zo. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi kuka a maƙabarta, don goggonsa ce, da shi aka haƙa kabarin. Amma da wuri ya cika sai halin ya motsa, kuma al'ada ta ba shi dama, wai taubashi shi ke sassauta wa mai makoki zuciya. Ya ce to yanzu kam ba wanda zai ce Mai Rakiya yana nuna bambanci, abin da yake yi wa na waje ya yi wa na gida. Wasu suka sunkuya suna dariya cikin hannun riga, wasu suka ce kai, kai, a bakinsu murmushi. Ido duka ya dawo kaina ana jira a ga yadda zan ɗauka. Na buɗe baki zan ce ba na ma cikin motar, sai na ga in na faɗi haka gobe za a ce likita ya bar uwarsa tana shure-shure ya fita kallon ruwa. Duk ta inda na juya an riga an tare. Sai na yi murmushi. Na yi murmushi a zaman makokin uwata, aka ce madalla, yaron nan ya san zumunci. Wannan murmushin har yau ban yafe musu shi ba.

Bayan sadakar arba'in na koma aiki, sai na ga in na miƙa yatsa zuwa idon mutum janye shi nake yi ban duba ba. Na kira abokin nan da na wanke tas. Bai tuna mini da komai ba, ya dai tambaye ni yaushe zan iya tasowa, ya tsaya mini har abin ya yiwu. Ranar tafiyata wasu 'yan uwa suka taru za su kai ni tasha kamar yadda aka saba, na haɗa su da Allah kowa ya zauna inda yake, na ce ba na son rakiya. Majo ne kawai ya tare ni a ƙofa, idonsa ya yi ja, ya tambaye ni wa na bar wa mutanen gari. Na ce na bar musu sunan, su riƙa kiransa in ciwo ya tashi. Na san ba shi ya cancanci wannan amsar ba, amma shi ne a gabana.

Kada wani ya ɗauka aljanna na tarar a nan. Daga ƙasa na sake farawa, na sake zama jarrabawa kamar ɗan lakwal, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga marasa lafiyar da in sun ga fatata sai su tambaya ko babu wani likitan. Amma a nan kafin ka rufe baki da cewa a kawo jini an kawo. Ranar da aka fara nuna mini ɗakin da ake ajiye shi, ledoji jere a sanyi wasu har lokacinsu yana wucewa a zubar, na nemi ban ɗaki na kulle kaina na yi kukan da ban yi a makoki ba. Daga baya aka tura ni sashen tsofaffin da ciwonsu ba shi da magani, aikin shi ne a rage musu zafi a zauna da su har lokaci ya yi. Da shugabar sashen take mini bayani sai ta faɗi kalmar da suke kiran aikin da ita, wadda in ka mayar da ita Hausa rakiya ce, ba ragi ba ƙari. Na yi ta dariya har ta tsorata ta kawo mini ruwa. Yanzu abin da nake yi ke nan. In tsoho ya cika a hannuna 'ya'yansa su zo su riƙe mini hannu suna godiya cewa bai tafi shi kaɗai ba. Aikin da na yi a gida ne, bai canza ba.

Tun da na taho babu likitan da ya zauna a garinmu. Duk wanda aka turo, kafin damina ta zagayo ya samu hanyar barin wurin. Majo ya tsufa ya ajiye aiki. A daminar da ta wuce sai ga saƙon murya daga taubashina, na farko tun rabuwarmu. Babu wasa a muryarsa. Ya ce babbar 'yarsa ce haihuwar fari ta zo mata da gardama, aka sa ta a mota babu ma'aikacin da zai shiga, shi ya shiga ya riƙe ledar da bai san yadda ake yi da ita ba, suka iske ƙorama ta kawo. Ya ce a hannunsa ta cika, ita da abin da ke cikinta. Ya ce yanzu a gari ana cewa zamanin Mai Rakiya ba wanda ya taɓa mutuwa a motar nan babu mai sani a kusa da shi, ya roƙe ni don Allah in dawo. Ko a cikin roƙon da sunan ya kira ni, ina jin ya manta na yanka. Na san yarinyar, a kafaɗata ta yi wasa tana ƙarama. Amma Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa bakina shi ne in tambaye shi yadda ya ga aikin rakiya, ko da daɗi. Ina da damar faɗa, ai taubashina ne, kuma dole ya yi murmushi. Na haɗiye ta. Saƙon yana nan a wayata har yau ban amsa ba.

In na ji ana cewa likitocinmu kwaɗayi ke fitar da su waje, ba na gardama, akwai masu tafiya don abin duniya kuma ban ga laifinsu ba. Amma da yawanmu abin da ya kore mu shi ne tsayawa hannu wofi a gaban mutumin da muka san yadda za a cece shi, sannan mu koma gida da zagi a ka. Ga masu iko a ƙasarmu, ledar jini da gada a kan ƙorama ɗaya sun fi duk wani jawabin kishin ƙasa riƙe likita a ƙauye. Ga mutanen garuruwanmu, wanda kuke gani yana saukowa daga mota da gawa shi ne wanda bai gudu ba; ku iya bakinku a kansa, don wasan da kuka yi dariyarsa a gidan suna yana iya shiga ɗakin wata tsohuwa ya hana ta neman magani. Na koyi cewa ba kowane wasa ake ramawa da wasa ba, da na ɓata rai tun ranar farko an ce ban san zumunci ba, da wataƙila abin bai kai haka ba. Kai kuma ɗan fari irina, ban ce ka zubar da kunya ba, amma gobe da safe in ka je gaida mahaifiyarka ka ɗaga kai ka dube ta da kyau, ko da za ta yi fushi ta yi mako ba ta amsa maka ba. Ni sau ɗaya na kalli cikin idon tawa, ranar da babu sauran jini a cikinsa.